Dawakan Yumɓu

Kakana ya gina dawakai, ubana ma ya gina,
dawakan yumɓu, tsayin mutum biyu,
ana jera su a kurmin Ayyanar, can bakin gari,
don ya hau da dare ya yi mana gadi.
Ni ne na bakwai a jerin, in ji tsofaffi.
Tun ban iya ɗaura zane ba na san ƙanshin laka
in an cuɗa ta da ƙaiƙayin shinkafa.

Ban yi mafarki ba, ban ji tsawa ba.
A asibitin Madurai ne, daren da matata Thenmozhi ta cika,
wani mai shara, Innasi,
ya jingine tsintsiya, ya zauna da ni a ƙasa har asuba.
Mutumin da ubana ba zai sha ruwa daga hannunsa ba.
Ya miƙo shayi a kofin ƙarfe, na sha.
Ya ce Ubangijinsa kafinta ne, tafinsa duk kanta,
ya kuma taɓa yin kuka a bakin kabarin aboki.
Iyakar wa'azin ke nan.
Shekara biyu maganar tana cina kamar gara a azara.

Ran da aka yi mini baftisma, kogin Vaigai ya janye,
ruwa iya gwiwa, sai da fasto ya ce in durƙusa.
Na shiga Velusamy, na fito Toma,
laka tana nan ƙarƙashin farcena,
kogin bai iya da ita ba.

Wana Kathiresan bai ɗaga murya ba.
Ya kwashe kayan aikin ubanmu cikin buhu,
ya ja layi da ƙafa a tsakar gida,
ya ce rijiya tasa ce Talata da Juma'a.

Uwata kuwa, Ponnammal,
wadda kullum da sassafe take dangwalo toka mai tsarki
ta shafa a goshina tun ina goye,
washegari ta zo kamar yadda ta saba,
babban yatsanta fari fat,
ta ɗaga,
ta tsaya.
Ban ja baya ba, ban kuma sunkuya ba.
Muka tsaya har madara ta tafasa ta zube a murhu.
Sai ta goge tokar a gefen sarinta,
ta dafa goshina da yatsa tsirara.

Bana an yi bikin dawakai, ina kallo daga gindin tsamiya.
Ganguna, turare, furanni a wuyan kowa,
aka zo buɗe wa sabon doki ido.
Daga nesa na hango tsaga a wuyansa,
Kathiresan bai taɓa haƙurin jiran laka ta sha iska ba.
Hannuna ya yi ƙaiƙayi har na cusa shi a hammata.
Wannan ma na kai shi gaban Yesu ran Lahadi,
ban san ko zunubi ne ba, ko gado.

Yanzu tuluna nake ginawa, da 'yan fitilun mai.
Maƙwabta kan saya a watan Karthigai,
'yan coci su saya da Kirsimeti,
daga tanda ɗaya, farashi ɗaya.
Wasu sun daina amsa gaisuwata,
wasu sun fara, ba su ne na zata ba.

Uwata har gobe tana zana ƙofar gida da garin shinkafa,
ɗigo da lanƙwasa, kafin zakara ya sauko.
Ba ta taɓa tambayata sabon sunana ba.
Da dare takan tsallake layin wana
da shinkafa a ganyen ayaba,
ta jira in gama addu'ata, idonta a rufin ɗaki,
sannan ta ce: Velu, ci, tana hucewa.